Rudolf Schulten: Masanin da Jamus ta jingine murhunsa na nukiliya, Sin ta raya shi

A ranar 15 ga Afrilun 2023 Jamus ta kashe tashoshin nukiliya uku da suka rage mata, ta rufe babin samar da lantarki ta wannan hanya bayan sama da shekara 60. Kafin shekarar ta ƙare, a watan Disamba, wata tasha da ke gaɓar teku a lardin Shandong na ƙasar Sin ta fara aikin kasuwanci gadan-gadan da wani irin murhun nukiliya wanda asalin tsarinsa daga Jamus ya fito. Babu ruwa a cikinsa, babu dogayen sandunan makamashi irin na sauran tashoshi. Ƙwallaye ne baƙaƙe, dubban ɗaruruwa, iskar heliyam na ratsa tsakaninsu tana kwashe zafi.

Mutumin da ya ƙarar da rayuwarsa a kan wannan tsari, Rudolf Schulten, bai ga ko ɗaya daga cikin waɗannan ranaku biyu ba, domin ya rasu tun 1996. Abu biyu ya nema a tsawon shekara 40 na aikinsa: murhun da dokokin halitta za su hana shi narkewa ko da injuna sun tsaya, da kuma zafi mai tsananin da masana'antu za su iya amfani da shi wajen samar da iskar haidirojin. Na farkon ya kusa tabbata. Na biyun har yanzu ana jiransa.

Daga Oeding zuwa hannun Heisenberg

An haifi Schulten ranar 16 ga Agustan 1923 a Oeding, wani ƙaramin gari da ke yammacin Jamus dab da iyakar Holan, a yankin da aka sani da masaƙu. Yana da shekara 16 Yaƙin Duniya na Biyu ya ɓarke, yana da 21 aka gama shi. A cikin ƙasar da ta zama kufai ya shiga Jami'ar Bonn ya karanci lissafi da kimiyyar fiziks, daga nan ya wuce Göttingen, inda a farkon shekarun 1950 ya yi digirin digirgir a hannun Werner Heisenberg, wanda ya ci kyautar Nobel kuma ya jagoranci binciken nukiliyar Jamus a lokacin yaƙi.

A wancan zamani ƙasashen da suka ci Jamus da yaƙi sun haramta mata gina murhun nukiliya. Matasan masana irin su Schulten sai dai su yi lissafi a kan takarda. An ɗage takunkumin a 1955, shekarar da Jamus ta Yamma ta samu 'yancin tafiyar da al'amuranta, aka kuma kafa ma'aikatar kula da harkokin nukiliya. A shekarar ce aka yi babban taron Geneva kan amfani da makamashin nukiliya ta hanyar lumana. Kamfanoni suka shiga neman ƙwararru, Schulten kuwa ya bar ɗakin bincike ya koma kamfanin Brown Boveri a birnin Mannheim, aka ɗora masa aikin tsara murhun da za a kira na Jamus.

Me ya hana shi bin ruwa?

Murhun nukiliya tukunya ce da ake fasa ƙwayoyin yuraniyam a cikinta domin su fitar da zafi. Zafin ke tafasa ruwa, tururin ya juya injin da ke ba da lantarki. Akasarin tashoshin duniya da ruwa suke kwashe zafin daga cikin murhun. Wannan tsari ya samo asali ne daga jiragen yaƙin ƙarƙashin teku na Amurka, inda ake buƙatar ƙaramin murhu mai ƙarfi sosai.

Schulten ya ga aibi biyu a nan. Na farko, ruwa ba ya jure zafi mai yawa: ko an matse shi da ƙarfin da ya ninka na iskar da muke shaƙa sau 150, zafinsa bai wuce digiri 330 a ma'aunin Salshiyos ba. Saboda haka kusan kashi ɗaya cikin uku na zafin ne kawai ke zama lantarki. Na biyu, ko an kashe murhu, makamashin da ke ciki yana ci gaba da fitar da ragowar zafi na kwanaki. Idan bututu ya fashe ruwan ya tsere, ko famfo ya tsaya, sandunan makamashin na iya narkewa. Tsaron irin wannan murhu ya rataya ne a kan famfuna da janareto da mutanen da ke kula da su.

Mafitar da ya zaɓa ba shi ya fara tunaninta ba. A tsakiyar shekarun 1940 wani Ba'amurke masanin sinadarai, Farrington Daniels, ya ba da shawarar murhun da iskar heliyam za ta sanyaya, wanda za a cika shi da duwatsu masu jure zafi. Hukumomin Amurka sun soke aikin a 1947 suka karkata ga ruwa. Schulten ne ya ɗauko wannan tunani da aka yar, ya mayar da shi injin da ke aiki.

Ƙwallo mai faɗin santimita 6

Kayan aikinsa biyu ne. Heliyam iska ce da ba ta kama wuta, ba ta cin ƙarfe, kuma tun da dama iska ce, babu batun ta tafasa ta ƙone. Girafait kuwa, wato baƙin abin nan da ke cikin fensir, yana jure zafin da ya haura digiri 3,000 bai narke ba. Schulten ya dunƙule girafait ya zama ƙwallo mai faɗin santimita 6, kwatankwacin ƙwallon tanis, mai nauyin giram 200 ko sama kaɗan, ya sa makamashin a cikinsa.

Abin da ya kammala dabarar daga Birtaniya ya zo, daga masu binciken da suka gina murhun gwaji na Dragon a Winfrith. Sun gano yadda za a mayar da yuraniyam ƙananan ƙwayoyi da ba su kai ƙwayar gero ba, a lulluɓe kowace da ɓawon kabon, daga baya aka ƙara ɓawon silikon kabaid mai taurin gaske. Ƙwallo ɗaya na ɗauke da dubban irin waɗannan ƙwayoyi, kowace ɓawonta na tsare gubar da ke fita idan yuraniyam ya fashe.

Ana zuba ƙwallayen ta saman murhu, suna gangarawa sannu a hankali kamar hatsi a mazurarin injin niƙa, ana zare su ta ƙasa. Na'ura na auna kowane: wanda ke da sauran ƙarfi a mayar da shi sama, wanda ya ƙare a ajiye shi gefe. Ta haka ba sai an kashe tasha domin sauya makamashi ba. Idan kuma zafi ya hau fiye da kima, yuraniyam da kansa yakan rage fashewa, wutar ta lafa ba tare da kowa ya taɓa maɓalli ba.

Shekarun nasara a Jülich

A 1959 wasu kamfanonin lantarki 15 na ƙananan hukumomi, bisa jagorancin na birnin Düsseldorf, suka haɗa kai domin gina murhun gwaji mai suna AVR kusa da cibiyar binciken nukiliya ta Jülich. Brown Boveri da Krupp suka karɓi kwangilar, Schulten na jagorantar tsarin. An fara gini a 1961, murhun ya kama a 1966, ya fara ba da lantarki a Disamban 1967. Ƙarami ne, megawat 15 na lantarki, da ƙwallaye kimanin 100,000. Kafin nan, a 1964, Schulten ya zama farfesa a jami'ar fasaha ta Aachen kuma daraktan sashen bunƙasa murhu a Jülich, muƙaman da ya riƙe har ƙarshen shekarun 1980.

A 1970 injiniyoyin AVR suka yi gwajin da ya ɗaukaka sunansa. Suka tsayar da injunan da ke hura heliyam da gangan, suka kuma ƙi cusa sandunan da ke kashe murhu. A tashar da ruwa ke sanyayawa, wannan neman bala'i ne. A nan kuwa zafin ya ɗan hau, wutar ta lafa da kanta, ragowar zafin ya tsiyaye ta bango. A 1974 aka ɗaga zafin iskar da ke fita zuwa digiri 950, matakin da babu murhun samar da lantarki da ya taɓa kaiwa a lokacin. Schulten ya samu lambar yabo ta Otto Hahn ta birnin Frankfurt a 1972, sannan zoben Werner von Siemens, ɗaya daga cikin manyan lambobin fasaha na Jamus, a 1987.

Adamu da Hauwa'u

Ga Schulten lantarki rabin magana ce. Mafi yawan makamashin da ƙasa mai masana'antu ke ci ba ta waya yake zuwa ba: zafi ne na narka ƙarfe, tace mai, haɗa sinadarai, da man da motoci ke sha. Jülich na cikin jihar North Rhine-Westphalia, mai arzikin kwal na yankin Ruhr. Da farashin mai ya yi tashin gwauron zabo a 1973, gwamnati da kamfanoni suka rungumi shawararsa: a yi amfani da zafin murhu a mayar da kwal iskar gas da haidirojin, maimakon a ƙone wani kaso na kwal ɗin domin samun wannan zafi.

A Jülich aka gina wasu na'urori biyu da gajerun sunayensu na Jamusanci suka zo daidai da ADAM da EVA, wato Adamu da Hauwa'u. A cikin EVA, heliyam mai zafi na dumama gas da tururi har su rikiɗe su zama haidirojin da kabon monoksaid. Wannan cakuɗa kan haɗiye zafin, ana iya tura ta cikin bututu a sanyaye zuwa gari mai nisa. A can ADAM zai sake haɗa su, zafin ya fito a yi amfani da shi, gas ɗin ya koma inda ya fito. Na'urorin sun yi aiki, sai dai da lantarki aka dumama heliyam ɗin. Ba a taɓa jona su da murhun nukiliya ba. Da farashin mai ya faɗi a tsakiyar shekarun 1980, sha'awar masu kuɗi ta faɗi tare da shi.

Tuntuɓe a Hamm-Uentrop

Tun AVR bai gama nuna halinsa ba aka yanke shawarar gina babban wansa, THTR-300, a Hamm-Uentrop: megawat 300, wato ninki 20, da ƙwallaye 675,000 masu ɗauke da yuraniyam da toriyam. An fara aiki a 1971 da niyyar gamawa cikin kimanin shekara biyar. Sai a 1985 tashar ta ba da lantarki, kuɗin ginin ya kai kusan Mark biliyan 4, ninkin-ba-ninkin abin da aka ƙiyasta. Sauye-sauyen ƙa'idojin tsaro sun taimaka wajen jinkirin, amma girman kansa ya zo da matsala. A AVR sandunan kashe murhu na bi ta gefe ne. A THTR faɗin murhun ya tilasta a riƙa cusa wasu kai tsaye cikin tarin ƙwallayen, suka riƙa farfasa su da dubbai.

Ranar 4 ga Mayun 1986 wani ƙwallo ya maƙale a bututun da ke shigar da makamashi, a ƙoƙarin zare shi ƙura mai tururin nukiliya ta fita waje. Kwana takwas ke nan da fashewar tashar Chernobyl, gajimaren gubarta na kan Turai. Abin da ya fita daga Hamm kaɗan ne, amma an zargi masu tashar da neman fakewa da Chernobyl, jama'a kuwa suka daina yarda da su. A 1988 aka gano kusoshi sun karye a hanyar iska mai zafi. Gwamnatin tarayya da ta jiha da kamfanoni suka kasa daidaitawa kan wanda zai ɗauki asara, aka rufe tashar a 1989 bayan aikin da bai wuce kwana 423 na cikakken ƙarfi ba. AVR ma an kashe shi a ƙarshen 1988.

A waɗannan shekaru wasu injiniyoyi biyu na rukunin Siemens, Herbert Reutler da Günter Lohnert, sun riga sun fito da amsar matsalar girma: a gina murhu siriri, mai matsakaicin ƙarfi, ta yadda ko kome ya tsaya zafin ba zai wuce digiri 1,600 da ɓawon ƙwayoyin ke jurewa ba. Mai son ƙarin wuta sai ya jera da yawa. Jamus ba ta gina ko ɗaya ba. Schulten ya yi ritaya yana kallon aikinsa na rushewa, ya ci gaba da rubutu da jawabai kan murhun da ba ya narkewa, har ya rasu a Aachen ranar 27 ga Afrilun 1996 yana da shekara 72.

Ranar wanka ba a ɓoyon cibi

Bayan rasuwarsa ne aka san cewa AVR bai kai tsaftar da aka riƙa yaɗawa ba. A 1978 tukunyar tururin da ke saman murhun ta yi yoyo, ruwa kimanin tan 27 ya shiga ciki. Ruwa ga girafait mai zafi haɗari ne, domin haɗuwarsu na haifar da iska mai kama wuta. A 1999 aka tarar ƙasar da ke ƙarƙashin ginin ta gurɓace. A 1986 kuma an jefa wasu ƙwallaye na musamman masu wayoyin da ke narkewa a zafi daban-daban, da suka fito aka ga wasu wurare a cikin murhun sun zarce lissafi da fiye da digiri 200. Wannan ya tona babban raunin tsarin: ba a iya kafa ma'auni a tsakiyar tarin ƙwallayen da ke motsi. Gogayyarsu kuma na haifar da ƙurar girafait da ke ɗaukar guba ta manne a bututu.

A 2008 wani masanin sinadarai na Jülich, Rainer Moormann, ya wallafa rahoto kan waɗannan matsaloli, ya sha suka daga abokan aikinsa. A 2014 kwamitin ƙwararru masu zaman kansu ya tabbatar da muhimman abubuwan da ya faɗa, ya kuma nuna cewa an rage girman haɗarin 1978 a rahoton da aka kai wa hukuma. Ba Schulten ke tafiyar da tashar ba, kamfanin AVR ne. Amma makarantar da ya kafa ta shaƙu da tsarinta har ta yi nauyin kunne ga mai suka. Tukunyar murhun, mai nauyin tan 2,100, sai da aka cika ta da siminti aka kwantar da ita a wani ɗakin ajiya a 2015. Ƙwallaye kusan 290,000 da aka gama amfani da su, cikin manyan tukwanen ƙarfe 152, sun zama abin jayayya na shekaru kan inda za a kai su.

Almajirai daga nesa

A farkon shekarun 1980 wani injiniya daga Jami'ar Tsinghua ta Beijing, Wang Dazhong, ya zo Jülich ya yi aiki a sashen Schulten, ya samu digirin digirgir a Aachen. Da ya koma gida ya dage kan ƙaramin murhu irin na Reutler da Lohnert, daga baya ya zama shugaban jami'ar. Sin ta bi matakin da Jamus ta tsallake. Ta fara da HTR-10, mai megawat 10 na zafi, wanda ya kama a shekarar 2000. Sai a 2012 ta aza harsashin tashar Shidaowan, mai murhu biyu da ke juya inji ɗaya na megawat 210, kowane da ƙwallaye kimanin 420,000. Ta kuma tsayar da zafin iskar a digiri 750, ƙasa da na AVR. A 2023 aka katse sanyaya kowane murhu yana tsaka da aiki, ya huce da kansa, wato gwajin 1970 a ma'aunin kasuwanci. Mai haƙuri, in ji Hausawa, yakan dafa dutse.

Afirka ta Kudu ta gwada nata. Kamfanin lantarki na Eskom ya ɗauko fasahar Jamus a shekarun 1990 da niyyar gina tasha a Koeberg kusa da Cape Town. Bayan an kashe kimanin Rand biliyan 9, an yi ta sauya tsari, babu mai saye ko mai zuba jari, gwamnati ta janye a 2010. A Amurka kuwa kamfanin X-energy na neman gina irin wannan murhu a wata masana'antar sinadarai ta Dow da ke jihar Texas, domin ba ta lantarki da tururi.

Alkawarin haidirojin

Dalilin da ya sa ake waiwayar Schulten a yau ya wuce lantarki. Duniya na amfani da haidirojin sama da tan miliyan 90 a shekara, galibi a matatun mai da masana'antun takin zamani. Kusan dukkansa daga gas da kwal ake samunsa, kowane kilo ɗaya da aka samar daga gas na sakin kimanin kilo 9 zuwa 10 na hayaƙin da ke ɗumama duniya. Murhu mai zafin digiri 900 na iya rage wannan ta hanya uku: ya ba da zafin sarrafa gas kamar yadda EVA ta nuna, ko ya dumama tururi domin lantarkin da ake buƙata wajen raba ruwa ya ragu, ko ya raba ruwan ta hanyar sinadaran aidin da farar wuta, waɗanda ke zagayawa ba sa ƙarewa.

Japan ce ta fi nisa a wannan fanni. Murhunta na gwaji, HTTR, da ke garin Oarai, yana amfani da heliyam da ƙwayoyi masu ɓawo, sai dai a cikin tubalan girafait maimakon ƙwallaye. Ya kai digiri 950 a 2004, ya yi kwana 50 a jere a kan wannan zafi a 2010. A 2019 masu binciken suka samar da haidirojin ta hanyar aidin da farar wuta na tsawon sa'a 150 ba yankewa, amma lita 30 kacal a sa'a, kuma a na'urar da ba ta haɗe da murhun. Shirin da ke gabansu shi ne jona HTTR da na'urar sarrafa gas.

Tambayoyin da suka rage ba na lissafin fiziks ba ne. Wane ƙarfe ne zai jure digiri 900 na shekara 40? Yaya za a ajiye masana'antar iska mai kama wuta kusa da murhun nukiliya? Ina za a kai sharar da yawanta ya fi na sauran tashoshi saboda girafait? Kuma shin farashin zai iya gogayya da haidirojin da ake samu daga hasken rana da iska, waɗanda kuɗinsu ke ta sauka? Schulten ya tabbatar da cewa ana iya gina murhun da zai kashe kansa kafin ya narke. Ko zafinsa zai shiga buhun taki da sandar ƙarfe a farashin da manomi da magini za su iya biya, wannan hukunci yana hannun Oarai da Shidaowan da waɗanda za su biyo bayansu.